Ragowar Lala

A duk layin masu sayar da yadi na birnin Mathura a Indiya, babu wanda ya taɓa musun cewa Premlata ta fi kowace uwa iya reno. Ta shekara arba'in da 'yan kai tana renon yaro guda. Bai taɓa zazzaɓi ba, bai taɓa ɓata shimfiɗa ba, kuma maƙwabta shaida ne ko sau ɗaya ba su ji kukansa ba. Yaron dai na tagulla ne, tsayinsa bai kai tsawon yatsa ba, yana rarrafe da curin alewa a hannun dama. Krishna ne, abin bautarsu, yana jariri, wanda kowa a garin yake kira Lala. Ɗaya ɗan nata, Girdhar, wanda ta haifa da cikinta, yana birnin Noida kusa da Delhi yana tallar inshora, kuma yana fama da gyambon ciki.

Gadon Lala ta yi daga surukarta. Lokacin da aka kawo ta gidan Banwarilal mai yadi, gidan cike yake da mutane, ƙannen miji da matansu da 'ya'yansu da wani kawu da babu wanda ya tuna ranar da ya zo. Tsohuwar ta ɗauki shekaru tana auna ta da wutsiyar ido kafin ta yarda ta taɓa ko rigar yaron. Da mutuwa ta zo, sai ta tsallake 'yarta ta cikinta, Sumitra, ta damƙa wa amarya Lala da akwatin tufafinsa da babban kwanonsa na azurfa. Sumitra ta ce babu komai. Ta ci gaba da faɗin babu komai a kowane biki da kowace mutuwa, har aka daina zama kusa da ita.

Premlata ta riƙe amana. Da sassafe takan yi wanka, ta kaɗa 'yar ƙararrawa a hankali don kada ya firgita, ta yi masa nasa wankan, ta sa masa riga. Lokacin sanyi rigar ulu ce da ta saƙa da kanta, lokacin zafi akwai wata 'yar fanka da ke kallonsa shi kaɗai. Sannan ta cika kwanon azurfa da madara mai ɗumi, ta ajiye curin man shanu da sukari a gefe, ta ɗora ganyen tulsi mai tsarki a kai, ta ja labule, ta juya baya. Ba a kallon yaro yana cin abinci, kuma ba a leƙa kwanon Lalan wani gida, saboda ido. Da rana shinkafa dafaffiya da madara. Da yamma a sake cika kwano.

Abin da Lala ya rage mai albarka ne. Ba a zubar da shi a kwata, ba a barinsa ya kwana. Da yake Lala yaro ne mai kunya, yakan rage kusan duka. A da wannan ba matsala ba ce, don kafin ta gama zuge labule yaran gida sun jeru da kofuna. Amma ƙannen miji suka gina nasu gidajen, kawu ya mutu, Banwarilal ya bi shi, Girdhar ya kwashe iyalinsa ya tafi Noida. Maƙwabta kuwa kowa da nasa Lalan da tasa ragowar. Albarkar da gida guda yake rabawa ta dawo kan mace ɗaya, ita kuma ba ta taɓa barin ko ɗigo ba.

Wata rana tana hawa matakala numfashinta ya tsaya a tsakiya, ita ma ta tsaya tana jiransa. Girdhar ya zo ya kai ta asibiti. Likitan ya duba sakamakon jini, ya cire tabarau, ya sake dubawa. Ya ce kitse ya yi yawa, sukari ya yi yawa, ya tambaye ta me take ci.

"Ni? Kusan ban cin komai, ɗana. Abin da yaro ya rage ne kawai."

"Wane yaron?"

Girdhar ya yi masa bayani yana kallon rufi. Likitan ɗan Mathura ne, mahaifiyarsa ma tana da nata, don haka bai yi dariya ba. Ya ce dai ba madara, ba man shanu, a dawo bayan bikin fitilu a sake aunawa.

A cikin keke mai ƙafa uku Girdhar ya yanke hukunci, ya kira ta Amma, wato inna a yarensu.

"Amma, ki saurare ni da kyau. In aka sake awo bai sauka ba, Lala ya koma gidan gwaggona, Bua Sumitra, ke kuma ki biyo ni Noida."

"Ƙanenka ne fa kake magana a kai kamar kujera."

"Ƙanena ya girme ni. Kuma shi ba ya hawa matakala."

"In kai shi gidan Sumitra? Matar da shayinta ma sai ka leƙa da kyau ka gane ba ruwan wanki ba ne?"

"To ki daina sha."

"In zubar?"

"Ban ce ki zubar ba, Amma."

"To me ka ce?"

Ya kau da kai, don shi ma a gidan ya tashi, ya san ba a zubarwa. Daga ranar barcin rana ya ƙaurace mata. Takan zauna gaban ɗan gadon Lala tana hasashen yadda kusurwar za ta kasance in babu shi, da yadda safiya za ta kasance a bene na goma sha wani abu a Noida, inda babu wanda za ta tasa sai tukunyar shayi.

Mako na zagayowa sai ga jikarta Kirti, 'yar Girdhar, wadda ke karatu a Delhi, take kiranta Dadi, wato kaka. Ta zo da kwalaye a jaka da wata sabuwar fuska ta mai ceton duniya.

"Dadi, an gama. Madarar waken suya ce. Babu kitsen da likita ya hana, kuma babu haƙƙin kowa a ciki."

"Haƙƙin wa ke cikin madara? Saniya uwa ce, uwa kuwa bayarwa take yi."

"Bayarwa take yi ko karɓewa ake yi? Dadi, saniya ba ta nono sai ta haihu. Ina 'ya'yan?"

"Suna wurin uwarsu mana."

Kirti ta matso da waya. Premlata ta ce ba ta ga tabaranta ba, Kirti ta ciro mata shi daga saman kanta. Ta kalli bidiyon na ɗan lokacin da bai fi a tafasa ruwa ba, ta ga ɗan maraƙi ɗaure da gajeriyar igiya inda bakinsa ba zai kai ba, ta ture wayar. Ta ce wannan a ƙasashen waje ne. Kirti ta ce bayan tashar jirgi ne, ga ma allon shagon a hoton.

Washegari da mai madara ya jingine kekensa, ta tambaye shi kamar da wasa.

"Chhotelal, in saniyarka ta haifi namiji, ina yake zuwa?"

"Yana nan, Inna. Yana yawo."

"Yawo ina?"

"Gari mana. Ai garin Krishna ne, wa zai taɓa shi?"

Tun tana amarya take taɓa goshin bijiman da ke kwance a bakin kasuwa suna tauna kwali, tana neman albarkarsu. Ba ta taɓa tambayar kanta daga ina suke fitowa ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar daga ina tattabaru suke. Ranar ta ƙirga su da ido har ta kai mararraba, sannan ta daina ƙirgawa. Yanzu tsoronta ya zama biyu. In ta ci gaba da madarar saniya, ga awo yana jiranta, ga kuma wata tambaya da ta fi awon nauyi, ko duk shekarun nan rabon ɗan wata take ƙwacewa tana ɗura wa nata, wanda shi kansa makiyayi ne. In ta koma kwali kuwa, ruwan wake za ta miƙa wa yaron da duniya ta san shi da satar man shanu.

Ta je garken masu ibada da ke bakin kogi, inda ba a tatsa sai maraƙi ya ƙoshi ya saki da kansa. Wurin ya kwanta mata a rai. Amma maruƙan wurin ba su da kunya irin ta Lala, kuma abin da suke ragewa, bayan an raba wa masu layi, bai fi rabin kofin shayi ba. Ta kalli kofin, ta tuna kwanon azurfa, ta yi godiya ta tafi.

Ta je wurin Panditji, malamin haikalin unguwa, wanda ya ɗaura auren Girdhar kuma har yau yana jin ba a gode masa yadda ya kamata ba. Ya saurare ta yana kaɗa kai. Ya ce littattafai sun ce ko ganye, ko fure, ko ruwa, in da so aka miƙa, ana karɓa.

"Ke nan zan iya ba shi?"

Ya ce littattafai kuma sun ce ba a canja abin da magabata suka ɗora yaro a kai.

"Ke nan kada in ba shi?"

"'Yar'uwa, ban ce haka ba. Wannan tsakaninki da shi ne. Ki dubi fuskarsa, za ki gane."

Ta dawo gida ta dubi fuskarsa. Murmushi yake yi. Amma murmushin da take gani kullum ne, kuma ta lura yau cewa irin wannan murmushin mutum yana iya yinsa don ya ji daɗi, yana kuma iya yinsa don yana jiran ya ga iyakar rashin kunyarka.

Ta buɗe kwalin farko. Ba a ɗanɗana abin Lala kafin ya ci, don haka sansanawa kawai ta yi, ta ji ƙamshin jiƙaƙƙen wake yana fitowa fili ba ko sallama. Ta zuba za'afaran. Bai ɓoyu ba. Ta zuba sukari. Ta ƙara sukari. Ta tafasa har ya yi kauri, ta ƙara wani sukarin, ta juye a kwanon azurfa. Da ta ja labule, maimakon ta ce masa ga madara kamar kullum, sai ta ce, "Lala, ga abin sha." A ganinta wannan ba ƙarya ba ce.

Daga nan ta zama mai karatun alamu. Ranar da gashin ɗawisun hularsa ya karkace, ba ta iya cin abincin rana ba. Ranar da fitilarsa ta mutu da kanta, ta ba shi haƙuri har muryarta ta dishe, sannan ta ga taga ce a buɗe, sannan ta tambayi kanta wa ya sa ta manta tagar. Biri ya shigo ya ɗauke ayabar da ke gabansa bai ko kalli kwanon ba, wannan ma ta ajiye shi a zuciya. Kirti tana bugo waya tana cewa Dadi ta zama jaruma, har ta ba ƙawayenta labari. Jarumar kuwa tana shanye ruwan wake cike da kwano safe da yamma, tana jin kamar mai renon da ke satar abincin ɗan masu gida.

Sai ranar Ekadashi ta zo, sha ɗaya ga wata, ranar da ba a cin hatsi ba a cin wake, sai madara da 'ya'yan itace. Premlata ba ta taɓa karya wannan azumi ba, ko ranar da ta haifi Girdhar, abin da take yawan tuna masa. Ta yi wa Lala hidimarsa, ta shanye ragowa kamar yadda ta saba yi kowace Ekadashi, tana wanke kwano sai ga sallamar Sumitra.

Sumitra ta haura tamanin, siririya ce kamar sandarta, kuma ba ta taɓa shiga asibiti ba sai dubiya. Girdhar ya riga ya yi mata waya, don haka ta zo, a cewarta, ganin jikin Premlata. Idonta dai bai tsaya kan jikin ba, ya zagaya ɗakin girki ya sauka kan kwali. Har yau Bahu take kiranta, wato amarya, ita kuma Premlata tana ce mata Jiji, wato yaya.

"Radhe Radhe. Bahu, mene ne wannan?"

"Magani ne, Jiji. Likita ne."

Sumitra ta ɗaga kwalin nesa da fuskarta, ta ga hoton kwanson wake a jiki, kore shar.

"Kin sha yau?"

Premlata ta buɗe baki. A nan ne abin ya iso mata, kamar yadda zafin ƙuna yake isowa bayan an riga an janye hannu. Fari ne, a kwanon madara yake, sunansa madara, kuma ba ta taɓa haɗa shi a ranta da abin da ake tsincewa a faranti ba.

"Wake, Bahu. Ranar Ekadashi. A gidan Amma." Sumitra ta ajiye kwalin a hankali. "Shi ma shi kike ba shi?"

"Na sa za'afaran."

"Kin kyauta. Mai satar man shanu ya koma shan romon wake da za'afaran. Babu komai."

Ta sha ruwa, ta ƙi zama, ta tafi. Premlata ta yini a gaban labule ba ta yarda ta kalli fuskarsa ba.

Bayan bikin fitilu aka sake awo. Kitsen ya ɗan sauka. Sukarin ya hau inda bai taɓa zuwa ba, har likitan ya tambaya ko ta koma cin rake ne. A wannan karon ba ta yi gardama a keke ba. Saniya ta cuta, yaro ta yaudara, azumi ta karya, jini kuma ya tona ta. Ta ce wa Girdhar ya ba ta zuwa jibi, kuma da kanta za ta kai shi.

Ta shimfiɗa auduga a kwando, ta kwantar da shi, ta jera rigunan sanyi da na zafi, da ƙararrawa, da fanka, ta naɗe kwanon azurfa a sabon ƙyalle. Duk hanya tana riƙe da kwandon a cinya, tana gaya wa mai keke ya bi ramuka a hankali. A gidan Sumitra akwai Lala uku a jere, na mijinta da na wasu dangi biyu da suka mutu ba magaji, kuma an riga an matsar da su an bar gurbi. Premlata ta fara bayani. Ba ya son ruwan wanka da zafi. Rigar rawaya tana matse shi a wuya. Fanka kada ta kalle shi kai tsaye.

"Bahu, na san yaron nan tun kafin a san za a haife ki. Lokacin cin su ya yi. Tunda yau ce ta farko, shigo ki tsaya, kada ya yi baƙunta."

Wannan ne karo na farko a rayuwar Premlata da ta tsaya ta cikin labulen wani gida. Sumitra ta jawo faranti. A kai akwai wasu 'yan kwanoni huɗu, kowanne bai fi murfin kwalba ba. Ta ɗebo madara da ƙaramin cokali, ta zuba ɗaya a nan, ɗaya a nan, har ta zagaye su, ta lakato man shanu kamar ƙwayar gero ta ɗiga wa kowa.

Premlata ta jira a kawo abincin. Sumitra ta ɗauki ganyen tulsi.

"Jiji, ina madarar?"

"Ga ta kina gani."

"Cokali ɗaya?"

"To nawa ne cikinsa? Ki dube shi mana. In ya faɗa cikin kofi ma sai an tsamo shi."

Premlata ta warware ƙyalle ta fito da kwanon azurfa, ta riƙe shi a gaba kamar shaida. "Mahaifiyarki ai da wannan take ba shi."

"Amma tana da bakuna goma sha a tsakar gida suna jira. Kafin gidan ya cika, da ƙoƙon da bai kai wannan nawa ba take ba shi, ni nake wankewa." Sumitra ta tsaya. Ta kalli kwanon, ta kalli Premlata daga wuya zuwa ƙugu. "Tsaya. Tun da gidan ya watse, wa ke shanye wannan?"

Premlata ta fara mayar da ƙyallen kan kwanon.

"Ke kaɗai? Safe da yamma?"

Sumitra ta zauna a ƙasa don kada ta faɗi. Ta yi dariya har ta koma tari, ta nemi gafarar yaran huɗu, ta sake fashewa. Premlata tana tsaye da kwano. Ta saci kallon Lala a gaban cokalinsa guda, ba ta ga alamar ƙorafi ba, kuma wannan ya ɗan ɓata mata rai.

"Ban taɓa barinsa da yunwa ba," in ji ta.

"Ko kaɗan. Ke ma ba ki bar kanki ba." Sumitra ta share hawaye da bakin mayafi. "Ɗauki ɗanki ki koma gida, Bahu. Uku ma gwiwoyina sun gaji da su. Zan kira Girdhar in gaya masa ya ƙara miki wata uku. Kwanon dai ki bar shi nan, ba ki da abin yi da shi. Dama shi Amma ta yi mini alkawari."

Premlata ta jira yaran suka gama, ta mayar da nata cikin kwando, ta lulluɓe shi. Kwandon ya yi sauƙi a hannu. A hanya ta sa mai keke ya tsaya a layin masu kayan ibada, gaban shagon da ta shekara da shekaru tana sayen turare da lagwani. Ta daɗe tana ganin 'yan kwanonin nan tsibi guda a bakin kanta, ta ɗauka na kwaɓa turaren goshi ne. Ta ɗauki ɗaya, ta rage murya, ta tambayi mai shagon ko ya taɓa jin wani ya ba Lala madara a irin wannan.

Mai shagon bai ɗago daga jaridarsa ba. Ya ce ai na madara ne, duk garin da shi ake bayarwa.